Buga Rubutun Fileks a Kan Yadin da Ba Ya Jure Zafi: Jagora Ga Masu Sana'ar a Minna

Aikin buga rubutu a kan tufafi ba ya yankewa a Minna. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya, na Bosso da na Gidan Kwano, suna son jesin sashensu da sunan kowa a baya. Makarantu suna son rigunan wasanni, Islamiyyu suna son tambari a hijabin sauka, masu biki suna son jakar rabo da sunan ango da amarya. Ga kulob-kulob na unguwa tun daga Limawa har Kpakungu, ga ƙungiyoyin 'yan keke da rigunansu masu ƙyalli, ga masu yi wa ƙasa hidima da ke fitowa daga sansanin Paiko.

Sai dai mafi yawan waɗannan kaya ba auduga ba ne. Zaren roba ne aka saƙa, roba kuwa ba ta shiri da wuta. Wanda ya koyi aiki a kan rigar auduga yakan riƙe awo guda, digiri 150 zuwa 160 da daƙiƙa 15, ya yi ta dannawa a kan duk abin da aka kawo masa. Nan asara take shigowa: jesi ta yi shatin inji, jaka ta tamuke, farar lamba ta koma ruwan hoda bayan kwana biyu. Ka'idar aikin guda ce: yadi ne ke faɗin zafin da za a ba shi, ba inji ba, ba kuma sabo ba. Ga yadda ake bin wannan ka'ida daki-daki.

Yadda fileks yake kamawa

Fileks hawa uku ne. A sama akwai leda garau mai riƙe rubutu, a tsakiya akwai launin, a ƙasa kuma akwai busasshen gam wanda ba ya kamawa sai ya narke. Abubuwa uku ne ke sa shi zama: zafi ya narkar da gam, danni ya tura shi cikin zaren yadi, lokaci kuma ya ba shi damar ratsawa. Idan ka rage ɗaya, kana iya ɗan ƙara wani, amma da iyaka. Gam ɗin da aka yi don digiri 150 ba zai narke da kyau a digiri 120 ba, ko da ka bar shi minti guda.

Saboda haka maganin yana farawa tun wurin saye. Sanannen EasyWeed na kamfanin Siser na Italiya yana son digiri 150 na daƙiƙa 10 zuwa 15. Poli-Flex Turbo na Jamus yana kamawa a digiri 130 cikin daƙiƙa 5. Wannan tazarar ta digiri 20 ita ce tsakanin jesi mai kyau da jesin da za ka biya kuɗinta. Yawancin fileks da ake kawowa daga Shomolu ta Legas ko Abuja ko Kano naɗi ne marar suna, babu takardar bayani. Ka tambayi mai sayarwa awonsa, sannan ka tabbatar da kanka a kan ƙyalle, ka rubuta awon a jikin kwalin naɗin da maka.

Fara da sanin yadi

Kafin ka kunna inji, ka ba yadin minti biyu. Hanyoyi huɗu ne.

Na farko, duba lakabin da ke wuya ko gefen riga. Hoton dutsen guga mai ɗigo ɗaya yana nufin kada zafi ya wuce kusan digiri 110, ɗigo biyu 150, ɗigo uku 200. Idan an ja layi an soke dutsen, masu yadin sun ce ba a goge shi sam.

Na biyu, idan babu lakabi, kamar yadin da aka yanko a Kasuwar Kure aka kai wa tela, zaro 'yan zare daga cikin ɗinki ka kusanta musu ashana a waje, ka riƙe da hantsaki. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Foliyasta da nailan suna janyewa daga wuta, su narke, su bar ƙwallo mai tauri. Ulu da siliki suna warin ƙonannen gashi.

Na uku, ɗiga ruwa. Idan ya dunƙule ya gangara bai jiƙa ba, an shafe yadin da maganin hana ruwa, kuma gam na yau da kullum ba zai riƙe shi ba.

Na huɗu, juya cikin jesi. Idan waje yana da launuka da zane amma ciki fari ne, an buga launin ne da zafi. Irin wannan ita ta fi kowace sakin rini idan ta sake jin wuta.

Kowane yadi da halinsa

Alƙaluman da ke tafe mafari ne na gwaji, da fileks mai kamawa a ƙaramin zafi.

Foliyasta, wato jesi da rigunan wasanni da hulunan hana-salla da yawa: ba ta narkewa sai kusan digiri 250, amma tun kafin nan zarenta ke laushi ya kwanta, ya bar ƙyalli inda inji ya taɓa. Rininta kuma yakan fara motsi daga wajen digiri 140. Tsaya tsakanin 125 da 135, daƙiƙa 5 zuwa 10, danni matsakaici.

Nailan, wato lema da rigar ruwa da jakar makaranta da rigar sanyi mai sulɓi: matsalarsa biyu, tamukewa da ƙin karɓar gam. Yana da fileks nasa daban, irin su EasyWeed Extra. Goge wurin da sifirit a ƙyalle bayan ka gwada a ɓoyayyen gefe, ka bari ya bushe sarai, sannan ka danna sau biyu gajeru maimakon dogon danni guda.

Jakar rabo ta biki, wadda ba saƙa ba ce, mai 'yan ramuka a jiki: ita ce mafi rauni. Robarta tana narkewa a wajen digiri 160, tana fara yamutsewa tun kafin haka da nisa. Fara daga 115 zuwa 125, daƙiƙa 5, danni kaɗan, ka sa kwali a ciki don kada gaba da baya su manne.

Yadi mai miƙewa, kamar hijabin jesi da kayan motsa jiki: zafi mai yawa yana kashe robar da ke ciki, wurin ya saki bai koma ba. Yi amfani da fileks siriri mai miƙewa, kuma kada ka ja yadin yayin shimfiɗawa, domin in ya koma rubutu zai tattare.

Leda mai kama da fata, ta jakunkuna da bangon littafin taro: samanta yakan narke, zanen fatar ya shafe. Danna daƙiƙa 3 zuwa 4, ɗaga, bari ya huce, sake dannawa.

Shadda da satin da karan-miski: shadda mai kyau auduga ce, ba ta narkewa, amma sheƙinta na bugu da sitaci yana canzawa inda zafi da danshi suka haɗu. Karan-miski kuwa gashinsa ke kwanciya, ba ya sake tashi. Waɗannan aikin surfani ya fi dacewa da su. Haka nan ka kula da atamfa mai araha, da yawa daga cikinta foliyasta ce.

Inji da wutar shago

Duba harafin da ke gefen lamba a fuskar inji. C daban, F daban. Digiri 300 na F shi ne kusan 149 na C, 270 na F kusan 132 ne, 250 na F kuma 121. Bayanai da yawa da ake gani a YouTube daga Amurka suke, da F suke magana. Duk alƙaluman wannan jagora na C ne.

Kada ka yarda da fuskar inji ɗari bisa ɗari. Injuna masu sauƙin kuɗi sukan nuna 130 alhali tsakiyar farantin ya fi haka, gefuna kuma ba su kai ba. Auna wurare biyar, kusurwa huɗu da tsakiya, da ma'aunin zafi mai kama da bindiga ko takardar awon zafi. Don gwada danni, sa yankin takarda a kowace kusurwa, rufe inji yana sanyi, ka ja. Wadda ta zare da sauƙi ta nuna maka gefen da ba ya dannawa.

Sai batun wuta. Inji mai faɗin santimita 38 yana jan wat 1,400 zuwa 1,800. Ƙaramin janareta mai cin fetur da baƙin mai a haɗe ba zai ɗauke shi ba, ka nemi mai ƙarfin kVA 2.5 ko sama. Idan kuma wutar layi ta zo da rauni, ta sauko daga bolt 230 zuwa 180, ƙarfin dumama inji yana raguwa zuwa kusan kashi 60 cikin 100. Sai farantin ya kasa maido da zafinsa tsakanin riga da riga, rubutu ya ƙi kamawa, yaron shago ya ƙara lamba. Da wuta ta dawo da ƙarfinta, inji ya kai wannan lambar da aka ƙara, rigar da ke ciki ta ƙone. Maimakon ƙara lamba, jira inji ya cika awonsa kafin kowane danni.

Aikin mataki-mataki

1. Nemi ƙari tun wurin karɓar aiki. Ka ce wa mai kaya: "Alhaji, a ƙaro mini guda ɗaya ta gwaji, ko ragowar ƙyalle daga wurin tela." In babu, yi gwajin a cikin kalmasar ƙasa.

2. Tsara rubutu da yadin a zuciya. Haruffa masu fili a tsakani sun fi faffaɗan tambari cikakke, domin babban fili yana tauri, yana tara zufa a zafin watan Maris, yana kuma saurin tattarewa. Siraran layuka ƙwarai kuma ba su da isasshen gam.

3. Juya rubutun a kwamfuta kamar yadda ake ganinsa a madubi, sa fileks a fulota, wato injin yanka, gefen mai ƙyalli yana ƙasa. Wuƙa ta yanke launi kawai, kada ta ratsa leda. Tsince rarar, sannan ka rage ledar da almakashi kusa da rubutu, ka zagaye kusurwoyinta, saboda bakin ledar kansa yana barin shati.

4. Shimfiɗa hawa ɗaya kawai. Zura rigar a farantin ƙasa in injinka ya yarda, ko ka sa matashin Teflon ko soso mai jure zafi a ciki, wanda ya ɗara rubutun kaɗan. Da haka wurin rubutu kaɗai zai taɓa faranti. Wuya da ɗinki da zif da maɓalli su sauka gefe.

5. Kori danshi. Daga Afrilu zuwa Oktoba iskar Minna cike take da laima, yadi yana shanta, tururi kuma yana hana gam zama. Danna yadin shi kaɗai daƙiƙa 2 zuwa 3 a rufe. Jakar rabo da leda ba sa buƙatar wannan. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, ka kakkaɓe ta da abin ɗauke gashin yadi ko salatif.

6. Daidaita rubutu, ka riƙe shi da salatif mai jure zafi in yadin mai sulɓi ne. Salatif na ofis narkewa yake.

7. Rufe da takardar gashin kek ko ta Teflon ko farin ƙyallen auduga siriri, wanda ya fi farantin faɗi. Ka sani murfi mai kauri yana shanye zafi, don haka da shi za ka yi gwajinka tun farko.

8. Danna daga mafi ƙarancin awo. In bai kama ba, fara ƙara daƙiƙa 2 ko 3. Sai in hakan bai yi ba ka ƙara digiri 5. Kada ka sauya abu biyu a lokaci guda, don ka san wanne ya yi aiki.

9. Ɓare leda yadda irin fileks ɗin yake so: wani da zafi, wani da ɗumi, wani sai ya huce. Ja ta a kwance, ba sama ba. In harafi ya biyo leda, mayar da ita ka sake dannawa daƙiƙa 3.

10. In launi biyu ko uku ne, ba kowane hawa daƙiƙa 2 zuwa 3 kawai, sai na ƙarshe ya sami cikakken lokaci. Yadin yana tara duk zafin da aka ba shi.

11. Shimfiɗa kowace riga ta huce ita kaɗai kafin ninkewa. Jibga su da zafi yana sa rinin wata ya hau rubutun wata.

Alamar aiki ya kama ita ce ka ga saƙar yadin ta ɗan fito a fuskar rubutu, ka kuma sa farce a kusurwa bai ɗago ba. In ka ga gam ya tsattsafo a gefen haruffa, zafi ko danni ya yi yawa.

Matsaloli uku da maganinsu

Shatin inji. A kan auduga, musamman ja, launi yakan canza da zafi ya dawo in ya huce. A kan foliyasta kuwa ƙyallin nan zare ne ya kwanta, kuma galibi ba ya gyaruwa. Tururi da goga da burushi mai laushi kan rage shi kaɗan. Rigakafinsa shi ne rage danni, sa matashi, da rage zafi. Wata dabara kuma: manna rubutu da daƙiƙa 2, ɓare leda, juya rigar, ka kammala dannin ta ciki. Gam ya fi kusa da wuta ta nan, shatin kuma in ya fito a ciki zai tsaya.

Hawan rini. Wannan ita ce mai yaudara, domin aiki yakan bar shago fari tas, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ya sauya. Zafi ne ke tayar da rinin foliyasta ya zama hayaƙin da ido ba ya gani, ya ratsa cikin fileks. Jan yadi da ruwan goro mai duhu da shuɗi mai duhu da baƙi su suka fi yi. Magani shi ne fileks mai shingen tare rini, wanda za ka gane shi da bayansa baƙi ko toka-toka, irin su Sub Block na Siser da ake dannawa a digiri 130. In aikin mai yawa ne, kamar jesin kulob ko na magoya bayan Niger Tornadoes, buga guda ɗaya ka ajiye kwana biyu ko uku kafin ka taɓa sauran. Sauri kan haifi nawa. Kuma kada a bar kayan da aka gama a but ɗin mota cikin rana.

Ɗagowar rubutu bayan wanki. Dalilansa huɗu ne: danshi, ƙarancin danni, gefen faranti mai sanyi, ko gam ɗin da bai dace da yadin ba. Wanke rigar gwaji bayan kwana ɗaya, ka cuɗa ta sosai, ka ga gaskiyar aikinka kafin mai kaya ya gani.

In da dutsen guga kake aiki

Mata da yawa da ke yin wannan sana'a a gida da dutsen lantarki suka fara, kuma yana yi ga ƙananan rubutu. A zubar da ruwan ciki, a kashe tururi, a sa shi tsakanin ɗigo ɗaya da biyu. A shimfiɗa a kan tebur mai tauri ko katako, ba katifa ba. A danna da nauyin jiki wuri guda, a ɗaga, a matsa gaba, ba a goga. Dutsen gawayi ba shi da awo, kada ya kusanci yadin roba.

Lafiyarka

Roba mai zafi tana fitar da hayaƙi, musamman fileks mai kauri na PVC da leda mai kama da fata. Buɗe taga da ƙofa. Ba inji soket nasa shi kaɗai da waya mai kauri, ba siririn ekstenshan ba. Nisanta sifirit da fetur daga teburin aiki, ka kuma koya wa yaran shago cewa ba a barin inji a rufe a je amsa waya.

Abin da za a faɗa wa mai kaya

Rabin ƙarkon aiki yana hannun mai wanki. Rubuta a 'yar takarda ka sa a leda, ka kuma faɗa da baki: "Hajiya, kada a wanke sai bayan awa 24. A juya ciki waje, a wanke da ruwan sanyi, ban da bilic, ban da burushi a kan rubutu, ban da murɗawa. A shanya a inuwa. In za a goge, a goge ta baya." Ka jaddada a isar da saƙon ga mai wanki da guga, domin dutsensa ne zai hau rubutun.

Wajen tsadance aiki kuma, ka lissafa da kuɗin fileks na musamman da rigar gwaji da ƙarin lokaci, ka bayyana wa mai kaya dalili. Mutum yakan yarda da ƙarin kuɗi in ya ga samfuri biyu a gabansa, wanda rini ya hau da wanda bai hau ba.

Sanin inda za a tsaya

Akwai kayan da duk dabararka ba za su karɓi zafi ba: rigar ruwa ta leda zalla, leshi mai duwatsu, karan-miski, da duk abin da ya tamuke a gwaji tun a digiri 115. A nan, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma ƙin bugawa ba ya nufin sallamar mai kaya hannu banza. Kana iya buga tambarin a kan ƙyallen auduga, tela ya ɗinka shi a jiki. Kana iya tura shi wurin masu surfanin inji, ko masu buga fenti mai bushewa da iska, ko ka ba shi sitika mai manne kanta in abu ne mai tauri.

Kayan da aka ajiye a teburinka amana ne. Hijabai hamsin na sauka kuɗin iyaye ne da aka tara da ƙyar, jesin kulob karo-karon matasa ne, kuma ranar da aka sa ba ta jira a sake sayo wasu. Saboda haka ka buɗe littafi a shago: irin yadi, irin fileks, digiri, daƙiƙa, danni, da abin da ya faru bayan wanki. Kowane sabon yadi ya sami layinsa. Cikin shekara guda za ka mallaki awon kayan da ake sayarwa a kasuwar garinku a kan injinka da wutarka, abin da babu kamfanin da zai rubuta maka, kuma shi za ka miƙa wa yaron da kake koya wa aiki.